Buguwar Kai A Filin Wasa: Ciwon Da Ba Ya Fitar Da Jini

Daga wakilinmu a Garwa

Duk ɗan kasuwar da ya yi harka a Garwa cikin watan Janairun shekarar 2022 ba zai manta da irin cikar da garin ya yi ba. Gasar cin kofin ƙasashen Afirka ce ta kawo 'yan wasan Nijeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau filin wasa na Roumdé Adjia, jama'a kuwa suka yi ta kwararowa daga Yola da Mubi da sauran garuruwan bakin iyaka. Ranar 11 ga watan Kelechi Iheanacho ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya mai ban haushi, ranar 23 kuma Tunisiya ta yi waje da Nijeriya da ci ɗaya da nema, duk a wannan fili. Baƙi na cikin ɗaure kayan komawa gida ke nan, sai wani abu ya auku a Bafoussam, can yammacin ƙasar nan, wanda miliyoyin mutane suka gani a talabijin, amma kaɗan ne suka fahimci girman haɗarin da ke cikinsa.

Ranar 25 ga Janairu ce, Senegal na karawa da Cape Verde. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka cilla wata doguwar ƙwallo, Sadio Mane ya bi ta a guje, mai tsaron gidan Cape Verde da ake kira Vozinha shi ma ya baro raga ya yi tsalle. Kawunansu suka yi gware a sama, Mane ya faɗo ƙasa tim. Alƙalin wasa ya duba na'urar VAR ya ba mai tsaron gidan jan kati, alhali shi ma ko tsayuwar kirki ba ya iya yi. Mane kuwa aka ɗan dudduba shi aka ce ya ci gaba. A minti na 63 ya ci ƙwallo, fili ya ɗauki sowa, amma ba a jima ba sai ga shi kwance a kan ciyawa yana dafe da kai. A minti na 70 aka fitar da shi, daga nan sai asibiti, inda suka sake haɗuwa da Vozinha har suka ɗauki hoto tare.

Bayan kwana biyar kacal Mane ya buga wasan kusa da na kusa da ƙarshe da Ikwatoriyal Gini a Yawunde. Daga baya shi da bakinsa ya bayyana cewa ƙungiyarsa ta wancan lokaci, Liverpool, ta nemi a ba shi hutu, amma ya ƙi, har ya ce a rubuto takarda ya sa hannu a kan ko mutuwa ya yi kada a kama kowa da laifi. Allah Ya kiyaye, ranar 6 ga Fabrairu shi ne ya buga fanaretin ƙarshe da ya ba Senegal kofinta na farko a filin Olembe. A majalisun shayi an yi ta yaba masa da jarunta. Sai dai ƙungiyar Headway ta Ingila, mai kula da masu raunin ƙwaƙwalwa, ta fito ta yi tir da yadda aka bar shi a fili bayan wannan karo, kuma ni ma a nan na tsaya. Mane yana da likitoci da asibiti da na'urori a bayansa. Yaron da ya kalle shi a gidan kallo na Yelwa ko Poumpoumré, ya tashi da darasin cewa namiji ba ya fita don an buge shi a ka, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kwali lafiya, ƙwai sun fashe

Likitocinmu na kiran wannan ciwo commotion cérébrale da Faransanci, mu kuwa sai mu ce girgizar ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya riƙe sunan, zai yi amfani ranar da aka je asibiti.

Duk wanda ya taɓa loda kwalin ƙwai ko na tangaran a bayan mota ya bi hanyar Gashiga ya san yadda abin yake. Direba ya faɗa rami ko ya taka birki ba shiri, a iso kasuwa a sauke kwali lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai an buɗe a ga ɓarna. To haka kan ɗan Adam yake. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kuwa kamar na awara, tana zaune cikin wani ruwa a tsakiyar ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak ko ya juya da ƙarfi, ita ba ta tsayawa tare da shi, sai ta ci gaba ta bugi ƙashi, ta dawo ta bugi ɗaya gefen, siraran jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a cikinta su miƙe su murɗe. Daga nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kan shiga neman ƙarin abinci don su gyara kansu, a daidai lokacin da jinin da ke kai musu abincin ya ragu. Wannan giɓi yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya cike, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne bugu na biyu yake da mugun haɗari.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ciwon ba ya nuna kansa. Ba lallai a ga jini ko ƙulu ba. Ba ma lallai sai kan aka buga ba, domin kafaɗa a ƙirji ko faɗuwa a kan ɗuwawu na iya fizgar kai har ƙwaƙwalwa ta girgiza. Sannan maganar nan da muka saba ji, wai ai bai suma ba, ba ta da tushe: a cikin mutum 10 da suka samu wannan rauni, da ƙyar ɗaya ke suma. Hatta hoton sikana yawanci fes yake fitowa, domin aikinsa gano karayar ƙashi da zubar jini ne, ba ya ganin wannan irin ɓarnar. Saboda haka wanda ya biya kuɗin hoto aka ce ba a ga komai ba, kada ya ɗauka an ce yaro ya koma fili gobe.

Ruwa da mari

Mu da aikin rediyo ke kai mu filayen unguwanni mun san yadda ake yi. Yara biyu sun yi karo, ɗaya ya kwanta. Nan take mutum goma sun rufe shi, wani ya fasa ledar ruwa a fuskarsa, wani ya kama ƙafafunsa ya ɗaga sama yana jijjigawa, wani ya ɗan mammare shi yana kiran sunansa, wani kuma ya ciccibe shi ta hamata ya tsayar. Da ya buɗe ido sai koci ya tambaye shi, "Za ka iya?" Wane saurayi ne zai ce ba zai iya ba a gaban 'yan unguwarsu? Idan kuma a watan Maris ko Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, sai a ɗora wa rana laifin jirin da yake ji.

Kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne na mutanenmu kawai. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ranar 15 ga Yuni, ɗan wasan Maroko Nordin Amrabat ya yi karo da wani ɗan Iran ya faɗi. Duniya na kallo ma'aikatan lafiyar ƙungiyarsa suka watsa masa ruwa suna marin kumatunsa. Ya kwana a asibiti, daga baya ya ce bai tuna komai game da wasan ba. Bayan kwana biyar aka sake sa shi a wasan Fotugal da hular kariya a ka, ba a yi nisa ba ya cire ta ya yar. Hukumar FIFA sai da ta rubuta wa Maroko takarda a kan lamarin. Ruwa da mari ba sa mayar da ƙwaƙwalwa daidai, abin da kawai suke yi shi ne su sa mutum ya miƙe kafin a gane halin da yake ciki.

To yaya ake ganewa? Tun shekarar 2001 masana wannan fanni ke taruwa lokaci-lokaci don daidaita ƙa'idoji. Taron farko a Biyana aka yi shi, na shida kuma a Amsterdam cikin Oktoban 2022, kuma a 2023 aka fitar da takardun gwaji biyu daga gare shi: SCAT6 ta likitoci, da CRT6 ta gama-garin mutane irin su koci da malamin makaranta da iyaye. Abin da ke cikin ta biyun ba ya buƙatar digiri. Da farko ido: ɗan wasa ya kwanta bai motsa ba, ko ya faɗi kamar buhu bai kare kansa da hannu ba, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya yi zuru idanu a buɗe amma kamar ba ya nan, ko ya nufi ragar da ba ta dace ba. Sai abin da zai faɗa da bakinsa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, haske ko hayaniya na damunsa, ko kawai ya ce shi dai ba ya jin daidai.

Bayan haka akwai tambayoyi biyar da ake kira da sunan wani masani ɗan Ostireliya, Maddocks. A wane fili muke yau? Kafin hutun rabin lokaci ne ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wace ƙungiya kuka buga wasan da ya wuce? Kun ci ko an ci ku? Hikimar ita ce mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta girgiza yakan tuna sunansa da na mahaifinsa sarai, abin da ya faru yanzu-yanzu ne ke kuɓuce masa. Shi ya sa tambayar "Ka gane ni?" da muke yi ba ta da wani amfani. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 a Brazil, Christoph Kramer na Jamus ya sha kafaɗar wani ɗan Ajantina a ka, ya ci gaba da wasa kusan minti 14, har ya je wurin alƙalin wasa Nicola Rizzoli yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. A yi wa yaro tambayoyin da harshen da ya fi ji, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Ya kuskure ko da guda ɗaya, ya gama wasa a ranar. Ko ya amsa duka daidai, muddin an ga ɗaya daga alamomin da na lissafa, nan ma ya gama, domin wasu alamomin ba sa fitowa sai bayan sa'o'i, wasu har kwana uku.

Lokacin da ba a jiran gari ya waye

A nan nake so mai karatu ya natsu, domin nan ne ake rasa rai. Yawancin masu girgizar ƙwaƙwalwa na warkewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa yana iya tsinka jijiyar jini a cikin kai, musamman a gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri kuma wata jijiya ke bi ta ƙarƙashinsa. Mugun abin game da wannan zubar jini shi ne yakan ba da tazara. Yaro ya faɗi, ya tashi, ya yi dariya, ya tafi gida da ƙafarsa, ya ci tuwo. Jini kuwa na ta taruwa a hankali a cikin ƙoƙon da ba shi da wurin faɗaɗa. Bayan sa'a biyu ko huɗu ya ce kansa na sarawa, ya yi amai, ya kwanta, a yi ta tashinsa ya ƙi tashi. Irin wannan tiyata ce kawai maganinsa, kuma idan an yi ta da wuri mutum kan tashi garau.

Don haka idan ciwon kai na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ana ta amai, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko hannu ko ƙafa sun mutu ko suna masa tsiyaki, ko magana ta karkace, ko barci na rinjayarsa, ko ya rikice yana faɗa da masu taimakonsa, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, to babu zancen a bari a gani zuwa safiya. Ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da na'urar hoton kai. Wanda ke Pitoa ko Gashiga ko Ngong ya nufi manyan asibitocin Garwa kai tsaye, na tsallaken iyaka ya nufi Yola, kuma a tafi da wanda ya ga yadda abin ya faru da lokacin da ya faru, domin su ne tambayoyin farko da likita zai yi.

Sai maganar wuya. Ƙarfin da ya isa ya girgiza ƙwaƙwalwa ya isa ya karya ƙashin wuya. Idan yaro ya ce wuyansa na ciwo, ko bai farfaɗo ba balle a tambaye shi, kada a ɗaga shi, kada a ja ƙafafunsa. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saitin kansa ya riƙe kan da hannu biyu yadda ba zai juya ba. In dole sai an ɗauke shi, a samo katako mai faɗi ko ƙyauren ƙofa, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi a kai gaba ɗaya, kai da gangar jiki a layi guda, a sa shi a bayan mota. Abin da muka fi yi, wato a ɗora shi a tsakiyar babur wani ya tallafe shi ta baya kai na lilo, yana iya mayar da ƙaramar karaya ta zama shanyewar jiki ta har abada. Wanda bai farfaɗo ba ba a ɗura masa ruwa ko madara, mai jijjiga kuma ba a cusa masa cokali a baki. Idan kuwa ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma ba ya numfashi, wannan maganar zuciya ce, irin abin da ya ɗauke mana Marc-Vivien Foé a Lyon ranar 26 ga Yunin 2003. Shi danna ƙirji yake buƙata nan take, ba ruwa ba.

A gida da kuma a shago

Idan likita ya duba ya sallame shi, saura aiki ya koma hannun mutanen gida. Kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Yana iya barci, barcin ma magani ne, amma wani babba ya kwana kusa da shi yana lura da numfashinsa da yadda yake amsawa. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ya huta, ya rage kallon waya da talabijin, ya ɗan taka a tsakar gida in ya ji dama. Kulle mutum a ɗaki mai duhu mako guda, wanda likitoci ke cewa a yi a da, yanzu an gano ba ya taimakawa. Kada ya hau babur ko ya tuƙa mota har sai jiri ya sake shi, kuma wannan magana ce mai nauyi a wurinmu, tunda da yawan 'yan ƙwallon unguwa da safe 'yan acaɓa ne.

Game da magani, farasitamol ya wadatar. Asfirin da ibuprofen da dangoginsu a guje su a kwanakin farko, domin suna iya ƙara zubar jini idan akwai shi. Tiramol kuwa, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin samarinmu, a nan guba ne: yana danne ciwon kan da ya kamata ya yi mana gargaɗi, yana kawo barcin da ba za a iya bambanta shi da suma ba, kuma yana iya tayar da jijjiga. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

Iyayen gida 'yan kasuwa, ga taku. Yaron shagon da aka buge a ka ranar Lahadi yana iya zuwa ranar Litinin ya ba da canjin da bai dace ba, ya manta saƙon da aka aike shi, ya kasa haɗa lissafin da ya saba yi da ka, ko ya yi wa mai ciniki tsawa ba gaira ba dalili. Kafin a ce ya fara taɓa kuɗi ko ya fara shaye-shaye, a tambaya ko ya yi wasa a ƙarshen mako. Hayaniyar kasuwa da rana da ɗaukar kaya a ka duk suna tayar da ciwon. A ba shi rabin wuni a inuwa na 'yan kwanaki, a ɗauke masa lissafi da dako. Haka ɗan makaranta, a sanar da malaminsa. Wasu gidajen kuma da sun ga yaro ya dawo daga fili yana sambatu ko ya canza hali, sai a ce iska ce ko jifa daga abokan karawa. Ba wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Idan alamomin sun haura mako huɗu, a koma wa likita.

Yaushe zai koma fili? Ƙa'idar Amsterdam ta tsara matakai shida, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya. Ana farawa da harkokin yau da kullum, sai tafiya da sassarfa, sai atisaye shi kaɗai da ƙwallo ba tare da sa kai ba, sai atisaye da 'yan'uwansa ba gogayya, sai cikakken atisaye bayan likita ya yarda, sannan wasa. Duk matakin da ya tayar da ciwon kai sosai, a dakata a sake gwadawa washegari. Wannan ga masu likita a gefe ke nan. Ga wasannin unguwanni da makarantu, inda babu likita, Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2023 cewa ba a komawa gasa kafin kwana 21. Halinmu ya fi kama da wannan, kuma yara sun fi manya jinkirin warkewa.

Wanda yake ganin mako uku ya yi yawa, ya ji labarin Rowan Stringer, yarinya 'yar shekara 17 a birnin Ottawa na Kanada, kyaftin ɗin ƙungiyar zari-ruga ta makarantarsu. A watan Mayun 2013 an buge ta a ka fiye da sau ɗaya cikin mako guda. Ta gaya wa ƙawayenta ta saƙon waya cewa kanta na ciwo, amma ba ta gaya wa wani babba ba, don kada a hana ta wasa. A wasa na gaba aka kayar da ita, ƙwaƙwalwarta ta kumbura, bayan 'yan kwanaki ta rasu. A 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta, wadda ta wajabta fitar da duk yaron da ake zargin ya samu wannan rauni.

Dambe, da abin da ke zuwa bayan shekaru

Ba za a yi wannan magana da Hausawa a tsallake dambe ba, sana'ar da ta taso a hannun mahauta, 'yan'uwanmu na kasuwa. A ƙwallo buguwar kai tsautsayi ce, a dambe kuwa ita ake nema, har ma sunan da muke kiranta da shi ke nan, kisa. Idan aka ce an kashe ɗan dambe a turmin farko, ya zube idanu sun juye, to ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. A damben zamani na masu son wasa, wanda aka sumar ba ya sake hawa dandali sai bayan aƙalla kwana 30. A gidajen dambenmu kuwa, wanda aka kashe yau yana iya ɗaure hannu gobe don ya rama, makaɗa na zuga shi, masu liƙi na jira. Haka mahayin da doki ya kayar a hawan Sallah, da ɗan kokawar da aka maka da ƙeya, da wanda ya faɗo daga babur ba hular kwano, duk hukuncinsu ɗaya.

Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta yadda tsofaffin 'yan dambe ke tangaɗi da rawar hannu da mantuwa kamar mashaya. Amma wanda ya tayar da ƙura a zamaninmu ɗan Nijeriya ne, Dokta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra. A 2002 yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙwallon Amurka, wanda ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewa da mantuwa. Omalu ya gano wata cuta a ƙwaƙwalwarsa mai nasaba da yawan bugu, wadda ake taƙaita sunanta da CTE, ya wallafa a 2005. Likitocin hukumar wasan suka yi masa ca, suka nemi a janye rubutun. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a bainar jama'a cewa lallai akwai alaƙa.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa, jami'ar Glasgow ta fitar da bincike a 2019 a kan tsofaffin 'yan wasan Sikotland su 7,676, inda ta gano sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Don a yi adalci, binciken ya kuma nuna ba su kai sauran mutane mutuwa da ciwon zuciya ba, wato ba cewa aka yi a daina ƙwallo ba. Abin da ya biyo baya shi ne taƙaita sa kai ga ƙananan yara. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015, Ingila kuma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara daki-daki tun kakar 2024. Garin da ya fitar da Vincent Aboubakar ta hanyar Coton Sport, inda kowane lungu akwai mai horar da yara yana mafarkin fitar da wani irinsa, ya dace ya san da wannan. Yaro ɗan shekara takwas bai da abin da zai rasa idan ya koyi ƙwallo da ƙafa tukuna.

Masu sa kofi

Dokar wasa ta riga ta motsa. Tun 2014 alƙalin wasa na iya tsayar da wasa har minti uku don a duba wanda aka buge a ka. Daga ranar 1 ga Yulin 2024 kuma hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta shigar da canjin buguwar kai cikin doka: ƙungiya na iya fitar da ɗan wasa ɗaya saboda wannan dalili ba tare da an lissafa shi cikin canjin da aka saba ba, abokiyar karawarta ita ma a ƙara mata canji ɗaya don kada a ce an yi wayo. Amma an bar wa masu shirya kowace gasa zaɓin su yi aiki da shi ko su bari. A Satumban 2024 FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kan wannan ciwo.

To su wane ne masu shirya gasa a wurinmu? Idan aka cire manyan wasannin FECAFOOT, gasannin hutu da ake bugawa a watannin Yuli da Agusta daga Garwa zuwa Gidar da Figil, da na ƙauyukan bakin iyaka, yawanci da kuɗin 'yan kasuwa da 'yan siyasa ake yin su. Alhaji ne ke sa kofi, shi ke ɗinka riguna, shi ke ba da babur ko sa ga wanda ya yi na ɗaya. Wanda ya sa kofi kuwa maganarsa ita ce doka. Zai iya cewa a gasarsa duk wanda aka buge a ka ya nuna alama ya fita, a ba ƙungiyarsa canji kyauta, kuma ba zai sake bugawa ba sai bayan kwana 21. Zai iya ɗaukar ma'aikacin jinya ɗaya ya zauna a bakin fili, ya ce shi ke da hukuncin ƙarshe, ba koci ba, ba ɗan wasan ba. Zai iya ajiye ɗaya daga motocin kayansa a kusa, da mai a tanki da direba da katako a baya. Ladan ma'aikacin jinya na yammaci ɗaya ba zai kai kuɗin rigunan ƙungiya guda ba.

Sai dai a rubuta wannan tun ranar da ake raba jadawali, a karanta shi a gaban kyaftin-kyaftin da masu horarwa, kowa ya sa hannu. Domin ranar wasan ƙarshe, ana ɗaya da ɗaya, saura minti goma, manyan baƙi na zaune a rumfa, unguwa biyu sun kewaye fili, babu alƙalin wasan da zai iya fitar da gwanin wata ƙungiya da bakinsa kawai in ba da takarda a aljihunsa ba.